Gidan da Ba Shi da Zaure

Da wuya ka shiga aji guda na firamare tsakanin Tambuwal da Kebbe ka fito ba ka sami Asma'u ba. In babu ita akwai Sa'adatu, ko Mu'azu, ko Sa'idu, ko Isma'ila, ko Ja'afaru. Ba abin mamaki ba ne: Nana Asma'u 'yar Shehu ta rasu tun 1864, amma har gobe ana raɗa wa 'ya'ya mata sunanta a ƙasar nan. Duk waɗannan sunaye suna ɗauke da ɗan ɗigon nan mai wutsiya da ke rataye a sama, wanda malaman Hausa ke kira alhamza. Mai karatu ba ya ko lura da shi. Mu kuwa mun san shi kamar yunwar cikinmu, domin shi ne yake kayar mana da manhaja ana tsakiyar aiki.

Idan muka ce mu, muna nufin mutanen da kwamfuta ce gonarsu a wannan yanki: masu shagon buga takardu a bakin titin da ya taso daga Sakkwato ya nufi Jega, da akawun makaranta, da malamin da aka ɗora wa haɗa sakamakon jarrabawa don kawai an taɓa ganin sa yana latsa na'ura, da yaran da ke koyon aiki a hannunmu. Ba injiniyoyi ba ne mu. Abin da muka sani, yawancinsa zafin aiki ne ya koya mana, sauran kuma mun tsinto shi a karatu da daddare, bayan an kashe janareta.

Akwai wata manhajar haɗa sakamako da ta daɗe tana yawo a makarantun yankin nan, daga filashi zuwa filashi. Wani ɗan bautar ƙasa ne ya rubuta ta, ya gama shekararsa ya koma garinsu, lambar wayar da ya bari ma ta daina shiga. Aikinta yana da kyau, kada a ci amanarsa: tana tara maki, ta fitar da na ɗaya da na biyu, ta buga katin kowane yaro. Ka rubuta Bello, ta karɓa. Ka rubuta Hadiza, ta karɓa. Da ka rubuta Mu'azu sai ta tsaya cak, ta jefo maka ɗan akwati da Turanci wai an sami kuskure a ginin jumla. Wace jumla? Suna aka rubuta.

Dabarar da ta bazu a ofisoshi da shaguna ita ce a cire alhamzar. Muazu. Asmau. Saadatu. Wani kuma ya sa tazara a wurin, sunan ya rabu gida biyu. Aiki ya tafi, kowa ya huta, sai bayan shekaru takardu su fara saɓa wa juna. Yanzu kusan komai yana bin lambar ɗan ƙasa, tun daga 2021 ma ba a rajistar jarrabawar JAMB sai da ita, saboda haka harafi guda ya isa ya hana yarinya barci. Mu ake kawo wa buga takardar rantsuwar da za a kai kotu, mu muke ganin iyayen. Wani dattijo ya taso daga Kuchi da takardun 'yarsa uku a leda, kowace da irin rubutun sunanta.

"Ɗana," in ji shi, "mi ad damuwa ga sunan ɗiyata? Ni da liman munka raɗa shi, guda ne, ba ukku ba."

"Baba, sunan lafiyarsa lau. Na'urar ce ba ta iya ɗaukar sa ba."

Ya dubi kwamfutar da ke gabanmu, ya daɗe yana kallon ta. "To in ba ta iya ɗaukar suna, mi taka iya ɗauka?"

Amsar tambayar Baba ta fi ƙorafinsa ban tsoro. Tana iya ɗaukar umarni, kuma daga bakin kowa.

Ga yadda abin yake. Manhajar ba ita ke riƙe da sunayen ba. Akwai rumbun adana bayanai a bayanta, kuma da wani harshe na musamman take yi masa magana, wanda ake kira SQL. Duk lokacin da aka rubuta suna, sai ta haɗa jumlar umarni, misali: nemo ɗalibin da sunansa kaza. A ƙa'idar wannan harshe, alamar da ke nuna inda suna ya fara da inda ya ƙare ita ce wannan alhamzar tamu. To da rumbun ya zo kan Mu'azu, sai ya karanta Mu, ya ga alama, ya ɗauka suna ya ƙare. Ragowar, wato azu, sai ya karɓe ta a matsayin ci gaban umarni. Bai san wani umarni mai suna azu ba, shi ya sa yake ihun kuskure. Mu'azu bai yi nufin komai ba. Amma wanda ya san harshen, zai iya sa alamar da gangan, ya biyo ta da maganar da rumbun ya sani, rumbun kuwa ya aikata, domin ba shi da hanyar bambance muryar mai gida da ta baƙo.

Wurin da abin ya fi muni shi ne ƙofar shiga. Manhajar tana tambayar rumbun: akwai mai wannan suna da wannan kalmar sirri? Mai wayo sai ya rufe maganar da alhamza, ya ƙara da cewa ko kuwa ɗaya daidai take da ɗaya. Tun da ɗaya kullum daidai take da ɗaya, amsar za ta dawo e, ƙofa ta buɗe. Babu fasa kwaɗo, babu satar makulli. Wannan ba sirrin masana ba ne. Tun watan Disamba na 1998 aka bayyana dabarar a mujallar Phrack, kuma yau yaron da ke da waya da data ta ɗari biyu zai same ta cikin minti biyar. Ka tuna kuwa me ke bayan ƙofar: makin yara, kuɗin makarantar da aka biya da wanda ba a biya ba, a wasu wuraren jerin sunayen ma'aikata, ko lissafin magungunan da suka shigo kyamis. Duk manhajar da ka ga ta faɗi saboda sunan Sa'adatu, ta riga ta gaya maka cewa ƙofarta a sake take.

Mu Hausawa ba mu gina gida haka ba. Baƙo, ko daga ina ya fito, a zaure yake tsayawa. Ya yi sallama, yaro ya leƙo, a ji ko wane ne, a ji abin da ke tafe da shi. In saƙo ya kawo, a karɓa a shigar, shi yana nan zaune. Ba a taɓa cewa tun da ya iya sallama, to ya wuce har ɗakin uwargida ya riƙa ba da umarni a madafi. Manhajar da ba ta tantance abin da aka shigar mata gida ce da aka gina ba zaure: daga titi sai tsakar gida.

Maganin da masu rubuta manhaja na ƙwarai suka daɗe da sani shi ne zauren nan. A aika umarni ta hanyarsa, a aika suna a cikin nasa ƙunshin daban, yadda ko me aka rubuta, rumbun zai ɗauke shi suna ne kurum. Ba aiki ne mai yawa ba, 'yan layuka ne. Maganin ragwanci kuwa shi ne a haramta alhamza gaba ɗaya, kuma mu ba mu yarda da shi ba. Wannan hukunta mai suna ne a kan laifin magini. Ba mu kaɗai abin ya dama ba: mutanen Ayalan masu sunaye irin su O'Brien sun daɗe suna wannan kuka, kuma a 2024 wata ƙaramar hukuma a arewacin Yokshaya ta Ingila ta ce za ta daina sa alamar a allunan sunayen tituna saboda rumbunan kwamfuta, mazauna suka yi mata ca. Ƙasar da ta yi shugaba mai suna 'Yar'aduwa, mai alhamza biyu a suna ɗaya, bai kamata a ce manhajojinta suna tsoron alamar ba. Ba mu ma zo kan ɗ da ƙ da ɓ ba, waɗanda tsofaffin manhajoji ke mayarwa alamar tambaya, Ɗanladi ya fito a kati kamar ana neman sa.

Lambobi ma haka. Mun ga katin da aka rubuta wa yaro 750 a lissafi a maimakon 75, yatsa ya zame kan sifili, manhaja ta karɓa ba gardama, yaron ya zo na ɗaya a aji. Sai da uwar wadda ta saba zuwa ta ɗaya ta aiko a duba aka gano. Da akwai layi guda da ke cewa maki ba ya wuce 100, da magana ba ta taso ba. Wani mai shagon taki da maganin feshi ya kira mu ya ce lissafinsa yana hawa yana sauka kamar mai aljanu. Muka zauna muka bi shi layi layi. Ashe manhajar tana karɓar adadi mai alamar ragi: ka rubuta an sayar da buhu biyar da ɗan jan layi a gabansa, sai kaya su ƙaru a rubuce, kuɗin da ake tsammani a aljihun tebur su ragu. Wanda ya gano haka a shagon bai je makarantar kwamfuta ba. Ya dai lura ne, ya yi shiru, ya riƙa cin moriyar abin wata da watanni. Mai shagon da ke soka ƙarfe cikin kowane buhun gero kafin ya biya, ya murza kowace takardar dubu ya ɗaga ta sama, bai taɓa tunanin na'urarsa tana haɗiye duk abin da aka miƙa mata ba.

Alhali kuwa misalin tantancewa mai kyau yana aljihun kowa. Lambar asusun banki mai lamba 10 da Babban Bankin Najeriya ya tsara, ta ƙarshenta ba ado ba ce, ana lissafo ta ne daga sauran, don in an yi kuskuren bugu a gane. Kuma kafin kuɗi su tafi sai an nuna maka sunan mai asusun. Zaure biyu ke nan a jere.

Duk wannan a kan abin da yatsa ke bugawa ne. Akwai wata ƙofar da ta fi faɗi, kuma ita ce muka fi daɗewa muna gardama a kanta da abokan sana'a. Za ka ji mutum ya ce: ni kwamfutata ba ta kan intanet, me zai same ta? Sai mu ce masa: filashi nawa aka soka mata yau? Kowane fayil baƙo ne. Takardar Word, hoton fasfo, PDF ɗin takardar ɗaukar aiki, duk magana suke yi wa manhajar da ta buɗe su: tsawona kaza ne, harafina iri kaza ne, ajiye ni a wuri kaza. In manhajar ta gaskata ba tare da ta auna ba, an gama. A nan kuwa filashi shi ne gidan waya. Lokacin da aka rufe layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 14 daga cikin 23 na jihar nan a watan Satumba na 2021, takardu a aljihu suka riƙa tafiya, bisa babur. Ko ba rufewa ma, malamin ƙauye da layi ke zuwa yana komawa ya fi yarda da filashinsa.

Wurin da ake tsarewa matuƙa ma ta wannan ƙofar aka shige shi. Tashar tace yuraniyom ta Natanz da ke Iran ba a haɗe take da intanet ba, amma cutar kwamfutar da aka sa wa suna Stuxnet ta isa can. Wani ƙaramin kamfanin tsaro a Belarus ne ya fara gano ta a watan Yuni na 2010. Ɗaya daga cikin hanyoyinta ita ce ɗan fayil ɗin nan mai kibiya a gindi, wanda ke nuna hanyar zuwa wani fayil. Windows yakan tambaye shi: ina hoton da zan nuna a kanka? Shi kuma ya nuna wuri. Windows ba ya duba ko abin da ke wurin hoto ne ko umarni, sai ya ɗauko ya kunna. Ba sai ka latsa komai ba. Buɗe filashin ka kalli abin da ke ciki ya wadatar. Microsoft ya fitar da gyara a watan Agusta na 2010, sai a watan Maris na 2015 aka sake gyarawa saboda na farkon bai toshe ramin duka ba. Cutar da muka saba gani a shagunanmu, wadda ke ɓoye fayilolin mutum ta bar masa masu kibiya, ƙanwa ce ƙarama, ita sai an latsa take tashi. Amma ƙofar shigowarsu ɗaya: aljihun mai kawo aiki.

Wanda ya fi shafar mu kai tsaye yana cikin Microsoft Office. Akwai wata 'yar manhaja a ciki ta rubuta alamomin lissafi, irin waɗanda malaman lissafi ke buƙata in za a buga tambayoyin jarrabawa. An haɗa ta a watan Nuwamba na 2000, aka riƙa ɗauko ta daga wannan fitowar Office zuwa waccan ba a taɓa ta ba, shekara 17. A cikinta an tanadi ɗan wuri da za a ajiye sunan salon harafi, amma ba a sa ta auna tsawon sunan kafin ta zuba ba. Ka ɗauka kwano ne mai cin tiya ɗaya, aka juye masa tiya uku. Ragowar ba ɓacewa take ba, kan abin da ke kusa take zubewa. Abin da ke kusa da kwanon nan kuwa shi ne 'yar takardar da na'ura ta rubuta wa kanta inda za ta koma in ta gama wannan aikin. Mai mugun nufi yakan tsara dogon sunan yadda abin da ya zube zai zama sabon adireshi, na'urar ta karanta, ta tafi inda ya aike ta. Daga nan sai ta sauko da manhajar da ke naɗe duk abin da aka buga, har da kalmomin sirri, ta aika masa. Mai kwamfutar kuwa takardar neman farashin kaya kawai ya buɗe.

An fitar da gyaran wannan a watan Nuwamba na 2017, a watan Janairu na 2018 kuma aka cire 'yar manhajar ɗungurungum. Duk da haka, a 2020 hukumomin tsaron intanet na Amurka sun sa wannan rami cikin guda 10 da aka fi amfani da su wajen kutse daga 2016 zuwa 2019. Dalili a fili yake: gyara yana amfanar wanda ya karɓe shi ne kawai. Kuma abin kunya, masu binciken tsaro sun sha ambaton 'yan damfarar imel na ƙasarmu cikin waɗanda suka fi son irin waɗannan takardu masu guba. A watan Nuwamba na 2020 'yan sandan duniya na Interpol tare da 'yan sandan Najeriya sun kama mutum uku a Legas, ana zargin ƙungiyarsu da kai hari kan kamfanoni da hukumomi a ƙasashe fiye da 150. Kada wani ya ce ai manyan kamfanoni suke nema, ina ruwansu da shagon Dogon Daji. Imel ɗin ba ya zaɓe, watsa shi ake yi kamar iri. Kuma a kan kwamfutar shago ne mutane ke buɗe akwatin imel ɗinsu, su cike fom ɗin neman aiki, su buga lambar BVN da ranar haihuwa da sunan mahaifiya. Na'ura guda a bakin kasuwa ta fi ofisoshi da yawa sanin sirrin gari.

WinRAR kuma, wanda kusan babu kwamfutar da ba shi a nan, kuma ba mu taɓa ganin wanda ya biya kuɗinsa ba, shi ma an kama shi. A watan Fabrairu na 2019 kamfanin Check Point ya nuna cewa shekara 19 ke nan ƙunshin fayil yana iya gaya masa inda zai sauke kaya, shi kuma ya bi. Kai ka ce a sauke a tebur, ƙunshin ya ce a kai ɗakin da Windows ke kunna duk abin da ke ciki da zarar an tayar da na'ura. Masu WinRAR sun cire sashen da ke da matsalar a fitowa ta 5.70. An sake samun wani ramin a 2023, aka toshe a 6.23. Sai dai WinRAR ba ya sabunta kansa, sai mutum ya je ya sauko da sabo da hannunsa. Je ka duba lambar wanda ke kan kwamfutar makarantarku.

Akwai wani abu da ya daɗe yana ba mu haushi tun da muka fahimce shi. Tun daga Office 2010 an gina wani zaure na gaske: in takarda ta fito daga intanet, sai a buɗe ta a killace, da rawayan layi a sama, ana karantawa amma ba ta iya taɓa komai sai ka ba da izini. Yadda Office ke gane baƙuwa ce shi ne wani ɗan tambari da Windows ke manna wa fayil lokacin da aka sauko da shi. To wannan tambarin ba ya rayuwa a kan yawancin filashin da ake sayarwa, domin tsarin ajiyarsu na FAT32 ba shi da inda zai riƙe shi. Wato takardar da aka sauko da ita a Sakkwato tana da tambarin baƙunta, da ta kwana a filashi ta iso Kebbe ta zama 'yar gida. Waɗanda suka tsara kariyar sun yi ta ne da tunanin mutumin da fayil ke zuwar masa kai tsaye ta waya. Hanyar da namu ke bi ba ta cikin lissafinsu.

A ce a sabunta, ai faɗa ne mai sauƙi. Windows XP an daina yi masa gyara tun 8 ga Afrilu 2014, Windows 7 tun 14 ga Janairu 2020, Windows 10 ma wa'adinsa na gama-gari ya cika a 14 ga Oktoba 2025. Kwamfutocin da ke hannunmu kuwa yawancinsu 'yan gwanjo ne, sun gama aiki a wani ofis a Turai kafin su hau jirgin ruwa. Mai gyara yakan zuba musu Windows da Office daga faifansa guda, wanda shi ma kwafi ne, sannan ya kashe sabuntawa da gangan don kada ta cinye data ko ta tona asirin kwafin. Ba mugunta ba ce. Shagon da ke buga shafi a kan 'yan nairori, ya sayi fetur, ya sayi tawada, ba zai sayi sabuwar na'ura don wani rami da ba ya gani da ido ba. Duk wanda zai yi mana wa'azin tsaro bai fara da kuɗin fetur ba, bai san inda muke ba.

Kuma kada a ɗauka cutar ta matalauta ce. Ranar 19 ga Yuli 2024 kwamfutoci kimanin miliyan 8.5 suka faɗi a duniya, jirage suka kasa tashi, asibitoci suka koma takarda da biro. Ba ɗan kutse ba ne. Kamfanin tsaro na CrowdStrike ne ya aika wa manhajarsa sabon fayil, fayil ɗin ya nemi bayani na 21 alhali guda 20 aka tanada, manhajar ba ta ƙirga ba, ta miƙa hannu inda babu komai, Windows ya kife. Malaman hadisi sun daɗe da raba bincike gida biyu: a duba waɗanda suka kawo magana, a kuma duba maganar kanta. A nan mai kawowa amintacce ne, daga cikin gida ma yake. Maganar ce ba a auna ba.

To me muke yi, mu da ba za mu iya sake rubuta Windows ba? Abin da hannu ya kai. Waɗanda suke da na'ura biyu a cikinmu sun ware ɗaya, mafi tsufa, ta zama zaure: ita kaɗai ake soka wa filashin baƙo, babu kalmar sirrin kowa a kanta, babu imel, babu harkar banki. Daga can ake bugawa, in ta kamu a wanke ta a sake zubi. Mai na'ura ɗaya yakan buɗe asusu na biyu marar ikon shugaba ya riƙa aiki a ciki, don ko wani abu ya shigo kada ya sami makullin gidan duka. Muna sa Windows ya nuna cikakken sunan fayil, saboda abin da ya ce shi hoto ne amma ya ƙare da exe a san ƙarya yake. In mutum ya ce bugawa kawai yake so, mukan ce ya mayar da takardar PDF a wayarsa kafin ya kawo. Ba tsira ce gaba ɗaya ba, amma ta rage. Rijistar maki da ta kuɗi kuwa, muna matsa wa shugabannin makaranta a buga ta a takarda duk ƙarshen zango, a sa hannu, a kulle a kabad. Takarda ba ta karɓar umarni daga alhamza.

Sai kuma gwajin da muke yi wa duk wanda ya zo tallar manhaja, ko ɗalibi ne da ya kawo aikin kammala karatunsa daga birni yana so makaranta ta saya. Ba ma kallon kalar allon, ba ma sauraron jawabin. Mukan ce ya matsa mu zauna. A gurbin suna mu rubuta Asma'u, sannan Ɗanjuma da ƙugiyarsa. A gurbin maki mu rubuta 750, sannan mu rubuta kalmar saba'in da haruffa. A gurbin adadin kaya mu sa biyar da alamar ragi. A gurbin ranar haihuwa mu sa 30 ga Fabrairu. Mu bar wani gurbin fanko mu latsa ajiye. Daga ƙarshe mu ɗora yatsa kan harafi ɗaya mu riƙe har ya cika layi ya wuce. Duka bai kai minti uku ba.

Wani matashi da muka yi wa haka a bara, manhajarsa ta faɗi tun a gwajin farko. Ya yi tsuru, ya ce, "Yaya, ai babu wanda zai rubuta irin wannan." Muka jawo rijistar aji huɗu muka buɗe masa, ya ƙirga da kansa: Asma'u uku, Sa'adatu biyu, Mu'azu ɗaya. Ya naɗe kwamfutarsa ya tafi. Bayan sati biyu ya dawo da ita, ta karɓi sunayen shida yadda iyayensu suka raɗa, ta ƙi 750, ta ƙi 30 ga Fabrairu. Alamar ragin ce har yanzu take wucewa, ya ce a ba shi zuwa Juma'a.